Gyaran Sabuwar Bindiga Tun Ba a Fara Aiki da Ita Ba

Wannan darasi an shirya shi ne domin Hakimai da malamansu, don su bayyana shi ga Sarakunan Baka da sauran masu riƙe da bindiga bisa ƙa'ida a cikin ƙasashensu. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko su ne waɗanda aka hana, kamar bindigogin soja da fistol, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne waɗanda a ke ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Maganarmu a nan ta shafi raifil ta farauta ce, wadda ke cikin kashi na biyu.

Yadda cikin bututu ya ke

1. In ka cire harsashi ka leƙa cikin bututun raifil wajen haske, za ka ga waɗansu 'yan kwaruruka sun murɗe tun daga gindi har baki. Su ne ke kama harsashi su juya shi kamar katantanwa, don ya tafi sosai kada ya wuntsila. Raifil ɗin nan Lee-Enfield mai lamba .303, wadda sojan Afirka ta Yamma suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce misalin da dattawa suka fi sani. Galibinta kwari biyar gare ta, suna kewayawa sau ɗaya cikin kowane inci 10. Harsashinta yana fita da gudun ƙafa 2,440 a sakan ɗaya, watau yana juyawa wajen sau 2,900 ke nan a sakan ɗaya. Bindiga mai baki biyu da adaka ba su da waɗannan kwaruruka, cikinsu sumul ya ke, saboda haka horon da za a faɗa a gaba bai shafe su ba.

2. Kowane sabon bututu yana da 'yar kaushi wadda ƙarafan masana'anta suka bari, ido ba ya ganinta. Ta fi yawa a maƙogwaron bututu, watau daidai inda harsashi ke barin ɗakinsa ya fara cizon kwaruruka. Harsashin raifil darma ce a ciki, an yi mata riga ta jan ƙarfe gauraye da tutiya kaɗan. Sa'ad da ya wuce, kaushin nan yana kankare jan ƙarfen, zafin wuta kuwa ya liƙa shi jikin bututu. In aka ci gaba da harbi ba a share ba, sai wani ya hau kan wani, har bindiga ta daina faɗa wa mai ita gaskiya.

Aikin farko

3. Masu ƙera bindiga sukan cika bututu da mai ko giris don kada ya yi tsatsa a hanya. Wajibi ne a fid da shi sarai kafin harbin farko. Mai a cikin bututu yana tare wa harsashi hanya, ƙarfin albarushi ya ƙaru fiye da kima, bututu ya kumbura ko ya tsage. A cire sakatar bindiga, a tabbata ba harsashi, sa'an nan a tura ƙyalle mai laushi jiƙe da ruwan wankin bindiga. A bi shi da busasshe, a yi ta sakewa har ƙyalle ya fito fari. Kada a manta da ɗakin harsashi, shi ma a bushe ya kamata ya zauna.

4. Kullum daga gindi a ke tura sandar shara zuwa baki. Leɓen bakin bututu shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. In sanda ko igiya ta cinye gefe ɗaya nasa, iskar albarushi za ta riƙa kufcewa ta wannan gefe, ta ture harsashi. Sojan Ingila ƙyallen da ke da inci 4 tsawo da inci 2 faɗi suka riƙa ja da igiya, ana kuwa horonsu su ja igiyar a miƙe, kada ta gogi leɓe.

Horon bututu

5. A nemi fili nesa da gari da hanyar dabbobi, inda akwai tudu ko ganuwar ƙasa a bayan abin da za a auna. A harba harsashi ɗaya, a tsaya. A share toka da ƙyalle da buroshi, sa'an nan a sa ruwan da ke narkad da jan ƙarfe. Galibin irin wannan ruwa yana da amoniya, alamarsa kuwa ita ce ƙyalle ya fito shuɗi ko tsanwa in akwai jan ƙarfe. Kada a bar shi cikin bututu ya wuce minti 10 zuwa 15. A goge, a busar, a sake harba ɗaya.

6. A yi haka sau 5 zuwa 10. Bayan wannan a riƙa harba uku uku ana sharewa, kana biyar biyar. Ranar da aka ga shuɗin ƙyalle ya ragu, bututu kuma ya daina wuyar wanki, to, horo ya ƙare. Harsashi 20 zuwa 30 sukan isa. A tsakani a riƙa taɓa bututu, in hannu bai iya jimre zafinsa ba a dakata ya huce, gama zafi ne ke ƙona maƙogwaro. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙaramar raifil mai lamba .22, wadda harsashinta darma ce ba riga, ba ta bukatar wannan, wankin farko ya ishe ta.

7. Masu ƙera bututu sun saɓa a kan wannan horo. Waɗansu suna umurni da shi. Waɗansu kuwa, kamar Gale McMillan, wani shahararren maƙerin bututu na Amurka, sun ce ɓarnar harsashi ce kawai, don kowane harbi yana rage kwanan bututu. Mai bindiga ya bi takardar da ta zo tare da bindigarsa. Amma dukansu bakinsu ɗaya ne a kan cewa mugun wanki ya fi harbi kashe bututu.

Abin da aka hana

8. Akwai masu ɗaura tsumma a kan waya, su barbaɗa masa toka ko rairayi, ko su naɗa sanfefa, wai su sa cikin bututu ya yi walƙiya. Wannan kuskure ne babba. Zurfin kwarin nan bai wuce kaurin takarda ɗaya ba, wajen kashi 4 ko 5 cikin 1,000 na inci. Abin da rairayi ya ci ba ya komowa, bututu ya yi ƙyalli amma ya saki harsashi. Gaskiya ne a masana'anta ana goge bututu, amma darma a ke zubawa a ciki ta ɗauki siffar kwaruruka, a shafa mata wani gari mai laushi ƙwarai, gwani ya ja ta da awo, daga baya a datse bakin a gyara shi. Wannan ba aikin gida ba ne, ba kuwa na maƙerin kasuwa ba. Dokar 1959 ma ta hana gyaran bindiga sai ga wanda aka ba izini.

Tsatsa, ƙura da zanzaro

9. Tsohon harsashi, musamman irin na soja, yana barin wani gishiri cikin bututu, wanda ke fitowa daga ɗan maɓallin wuta na gindin kwanso. A 1922 wani masanin Gwamnatin Amurka, Dokta Wilbert Huff, ya tabbatar gishirin nan ne ke jawo laima ya haifi tsatsa. Mai ba ya narkad da shi, ruwa ne maganinsa. Don haka sojan da suka riƙa ɗura tafasasshen ruwa ta gindin bututu da mazurari. Harsashin farauta na yanzu ba shi da wannan gishiri, amma wanda ya harba tsohon ajiya ya wanke da ruwan zafi a ranar, ya busar, ya shafa mai.

10. Da damina a riƙa duba bututu kowane mako, a shafa mai kaɗan. Da hunturu a rage mai, domin ƙura in ta haɗu da shi ta zama kamar dutsen washi. Kada a toshe baki da tsumma, yana riƙe laima, ana kuma mance shi a ciki. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka cikin bututun da aka jingine a lungu. Wanda ya harba a kan wannan laka yana iya rasa yatsu ko ido, ko ransa ɗungum. Saboda haka kafin kowace fita a cire harsashi, a leƙa ta gindi, a ga haske fes, a tsane mai da busasshen ƙyalle.

Abin da a ke roƙon Hakimai

11. Ana roƙon kowane Hakimi ya tara masu lasisi na ƙasarsa kafin lokacin farauta, malaminsa ya karanta musu wannan darasi. Yana da kyau malami ya rubuta lambar kowace bindiga da ta lasisinta. In aka ga bututu ya kumbura, ko yana da wani baƙin zobe a ciki, a hana harba shi, a kai maganar ofishin 'yan sanda. A kuma gargaɗe su bindiga ta kwana a kulle ba harsashi, harsashi a wani wuri dabam inda hannun yaro ba ya kaiwa. Allah ya kiyashe mu, amin.