Idon Da Ya Saba Da Na Asali

Karatu: Ibraniyawa 5:12-14, 1 Yohanna 4:1-3

Ka san goge: ƙwarya, fatar guza da tsarkiyar izgar doki. Turawa ma suna da nasu gogen, na katako, mai tsarkiya huɗu. Wanda ya fi suna wajen sassaƙa shi shi ne Antonio Stradivari, mutumin Italiya, wanda ya rasu a 1737. A 2011 an sayar da guda ɗaya nasa, aikin 1721, a kan fam miliyan 9.8 na Ingila.

Inda kuɗi ya kai haka, jabu ba ya ƙarewa. Dubban gogunan kamfani suna ɗauke da 'yar takarda mai sunansa a ciki. Saboda haka gwani ba ya dogara ga takarda. Yana duba lanƙwasar jikin, da yankan ramukan fitar sauti, da sassaƙar kan. Aikin ido ne, shi ya sa wanda ya fara da zanen hoto yake da rabo a wannan sana'a. Shekarun da ya yi yana riƙe da fensir sun koya masa lura da layi, sannan ya yi ta kallon na asali har ya haddace hannun masassaƙin.

Wasiƙar Ibraniyawa tana koya mana cewa yawan aiki da Maganar ne yake horar da hankali ya rarrabe nagarta da mugunta. A kwanakin nan da tsoro ya cika hanyoyin Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, mutane sukan zo da sunan Yesu a baki, suna sayar da mai ko ruwan kariya. Suna kawai takarda ce. Duba hannun. Yana ɗaukaka Kristi ko kansa? Maganarsa ta yi daidai da Littafi Mai Tsarki? Kyauta yake bayarwa, ko sai ka sayar da akuyarka?

Ba za ka gane jabu ba sai ka saba da na asali. Karanta babi ɗaya na Bisharar Yohanna kowace safiya. Cikin kwana 21 za ka gama.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idona in san muryar Makiyayina, kada in bi baƙo. Cikin sunan Yesu, Amin.