Shekarar da Aka Tuge Auduga

A ƙasar Amurka, cikin jihar Arkansas, akwai wata gunduma ana ce da ita Poinsett, ba nisa da kogin Misisipi. Ƙasarta tana da albarka ƙwarai, a zamanin da kuwa auduga ce babban abin nomansu. Amma gonakin na waɗansu masu arziki ne 'yan kaɗan. Talakawa, baƙaƙe da farare, su ke yin aikin. In kaka ta yi, sai a raba audugar biyu, rabi na mai gona, rabi na manomi, sa'an nan a cire bashin da manomin ya ci daga rabonsa.

A shekarar 1929 ana sayen laba ɗaya ta auduga wajen senti 17, senti ɗari kuwa shi ne dala guda. Kafin shekara biyu ta faɗi ƙasa da senti 6, domin auduga ta yi yawa, masu saye sun yi kaɗan.

Da Roosevelt ya hau mulki a 1933, sai aka yi doka. Gwamnati ta ce duk wanda ya rage nomansa za ta biya shi, don auduga ta yi wuya, kuɗinta ya tashi. Za a samo kuɗin biyan ne daga harajin da aka aza wa masu masaƙa. Ga shi kuwa an riga an yi shuka, har ta tasa. Saboda haka aka sa garma aka tuge audugar eka wajen miliyan 10 a kudancin ƙasar. An ce har alfadarai sun yi gardama, gama tun suna ƙanana aka hore su kada su taka auduga, yau kuma ana bugunsu a kan su bi ta kanta.

Dabarar ta ci, kuɗin auduga ya tashi. Amma wa ya ci riba? Mai gona ake ba kuɗin gwamnati, shi zai fid da rabon manomansa. Waɗansu suka bayar, da yawa suka riƙe, suka ce sun cire bashi. In manomi ya kai kuka, sai ya tarar da manyan masu gonaki ne ke zaune a kwamitin gunduma. Waɗansu ma aka kore su daga bukkokinsu da mata da 'ya'ya, tun da gona ta ragu, ba a bukatarsu.

A watan Yuli na 1934 mutum 18, farare 11 da baƙaƙe 7, suka taru a wata makaranta kusa da garin Tyronza, suka kafa ƙungiyar manoma marasa gona. Ba ƙaramin ƙarfin hali suka yi ba, domin a lokacin nan ko makaranta ɗaya 'ya'yansu ba sa shiga. An doke su, an kulle waɗansu, duk da haka ƙungiyar ta bazu har jihohin makwabta.

A 1936 Kotun Ƙoli ta soke harajin nan, a 1938 aka yi sabuwar doka, aka ci gaba da biyan manoma. Masu gonaki da yawa suka sayi motocin noma, talakawa kuwa suka yi ta ƙaura zuwa birane irin su Shikago neman aiki. A 2006 an buɗe gidan tarihi a Tyronza don tunawa da ƙungiyar.