Mutuwar hannu: daga wuya take ko daga hanya?

Jijiyoyin da ke kai ji da motsi ga hannu, daga wuya suke fitowa. Wuyan mutum ƙashi 7 gare shi, laka tana bi ta cikinsu. Saiwoyin jijiya suna fita tsakanin ƙasusuwan nan, su haɗu, su sake rabuwa, su gangara har yatsu. Jijiya tana iya matsuwa ga saiwa, tana iya matsuwa bisa hanya. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

In saiwa ce ta matsu, ciwo daga wuya yake tashi. Yana bin kafaɗa, ya sauka ga dantse kamar wuta. Tari ko atishawa suna ƙara shi. Haka in mutum ya karkata kai wajen hannun mai ciwo. Wani in ya ɗora hannun bisa kai, sai ya ji sauƙi. Dakon kaya mai nauyi bisa kai yana tsananta shi.

In bisa hanya ce, juya wuya ba ya sake kome. Yatsu ke faɗin wurin. Babban yatsa, manuni da na tsakiya in sun mutu, jijiya ta matsu ga wuyan hannu. Minjirya tana tada mutum cikin dare, sai ya yarfa hannu kana ta sake shi. Mata masu ciki sun san wannan. Ƙaramin yatsa in ya mutu, a duba gwiwar hannu. Yatsan da ke kusa da ƙarami shi ne babban shaida: in rabinsa yana ji, rabi ba ya ji, ba daga wuya ba ne.

A nan sai a yi hattara. Kuturta tana kama jijiyar gwiwar hannu, ta kumbura ta kamar igiya. In akwai tabo mai haske ga fata wanda ba ya jin taɓi, a tafi likita maza. Maganin kyauta ne, ana shan shi wata 6 ko wata 12. Wanda ya je da wuri, yatsunsa ba su lanƙwashewa. Ƙaho da sakiya ba su kai ga jijiya, sai dai su bar gyambo.

In hannu biyu sun mutu tare, ƙafafu sun yi nauyi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, laka ce da kanta ta matsu. Wannan ba a kwana da shi gida.