Darasin Kiwon Lafiya: Tafiyar Loma Daga Baki Zuwa Hanji

Uwargida, kullum ke ce a madafa, ke ce tuƙa tuwo, ke ce kaɗa miya, ke ce rabawa. To amma ko kin san abin da ke faruwa da abincin nan bayan an haɗiye shi? Sanin wannan zai taimake ki wajen tsara cimar gidanki, da gane lokacin da ciwon ciki ya wuce na jiƙe-jiƙe ya zama na asibiti. Bari mu ɗauki loma ɗaya ta tuwon masara da miyar kuka da ɗan nama, mu bi ta zango-zango.

Zango na farko: baki

Narkewar abinci daga baki take farawa. Baligi yana da haƙora 32, yaro kuwa na nono 20, aikinsu su daddatsa lomar su niƙe ta. Baki yana fitar da miyau kimanin lita 1 zuwa 1 da rabi a yini, kuma a cikinsa akwai wani sinadari mai suna amilas da ke fara mayar da sitacin tuwo ya zama sukari. Ki gwada tauna burodi na ɗan lokaci ba ki haɗiye ba, za ki ji ya soma zaƙi. Aikin amilas ke nan. Kin ga ashe yaron da ke zura loma yana haɗiyewa don ya koma wasa, tumbinsa yake bar wa aikin da haƙora suka kamata su yi.

Wajen haɗiya, akwai wani ɗan murfi a maƙogwaro da ke rufe hanyar iska don kada abinci ya faɗa can. Mai surutu ko dariya da abinci a baki yana iya sa murfin ya makara, sai ya ƙware. Wannan ma shi ne babban haɗarin ɗura: a toshe wa jariri hanci a zuba masa koko yana kuka, kokon na iya shiga huhunsa. Don Allah a bar wannan al'ada, a ba shi da cokali, a zaune, kaɗan-kaɗan.

Zango na biyu: tumbi

Daga maƙogwaro lomar za ta bi wani bututu mai tsawon kimanin santimita 25, wanda ke matsa ta ƙasa kamar yadda kike matso man goge baki. Sai ta faɗa tumbi, jaka mai ƙarfin tsoka da ke dama abinci kamar damun fura. A nan akwai ruwan asid mai ƙarfi da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci, da sinadarin fefsin da ke fara narkar da naman nan. Me ya sa tumbin bai narkar da kansa ba? Allah cikin hikimarSa Ya lulluɓe bangonsa da wata majina mai kauri da ke kare shi. Abinci yakan yi awa 2 zuwa 4 a nan, mai maiƙo ya fi daɗewa.

A bakin tumbi akwai ƙofa da ke hana asid komawa sama. Idan an cika ciki dam, ko an kwanta da gama cin abinci, asid ɗin yakan taso, shi ne ƙwannafi. Masu juna biyu sun fi fama da shi, saboda ƙofar takan saki, ga kuma jariri yana danno tumbi. Maganinsa na farko shi ne ci kaɗan-kaɗan, da jinkirta kwanciya awa 2 zuwa 3 bayan tuwon dare. Ki tuna hadisin Mikdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya koyar da a raba ciki uku: abinci, abin sha da numfashi.

Sai batun gyambon ciki, wato olsa, wanda kusan kowa ke ɗora wa yunwa ko yaji. A 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta, Helikobakta failori, ita ke haddasa yawancinsa, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Sababi na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saya a kemis ba da izinin likita ba. Yunwa da yaji suna iya tayar da zogin, amma ba su ne tushe ba. Madara ma sauƙin ɗan lokaci take bayarwa. Ana gwada ƙwayar a asibiti, kuma ana kashe ta da magani na kimanin mako 2.

Zango na uku: ƙaramin hanji

Sunansa ƙarami saboda sirantarsa ne, amma tsawonsa ya kai kimanin mita 6, kuma nan ne ainihin wurin aiki. Hanta tana haɗa ruwan ɗaci, matsarmama ta adana shi ta tsiyayo, ya farfasa maiƙo kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya. Wata gaɓa mai suna fankiriyas tana turo sinadaran da ke ƙarasa narkar da tuwo da nama da mai. Bangon hanjin cike yake da 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci zuwa cikin jiki.

Abin lura a nan: shayi yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, lemon zaƙi da gwaiba da tumatir kuwa suna ƙara ta. Mai ciki ko mai jego ta raba shayinta da lokacin cin wake ko zogale.

Zango na huɗu: babban hanji

Abin da ya rage yana wucewa babban hanji, mai tsawon kimanin mita 1 da rabi, inda ake tsotse ruwa, saura ya zama bahaya. Dukan tafiyar takan ɗauki kwana 1 zuwa 3. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ko cima ta zama farar shinkafa da taliya da burodi kawai, bahaya ya yi tauri, yawan yunƙuri kuma ya jawo basir. Ganye, wake, kuɓewa, 'ya'yan itace da hatsin da ba a surfe shi fes ba, su ke sauƙaƙa fitarsa.

Idan kuma hanji ya kasa riƙe ruwa, shi ne gudawa, wadda ke iya kashe yaro ta hanyar ƙarar masa da ruwan jiki. Kada ki hana shi nono ko abinci. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, ORS. In babu, ki zuba sukari cokalin shayi 6 shafaffu da gishiri rabin cokalin shayi cikin tsaftataccen ruwa lita 1, wato ledar fiyawata 2. A haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14.

Alamomin da ba a jira

A garzaya asibiti idan aka ga aman jini, baƙin bahaya kamar kwalta, jini a bahaya, wahalar haɗiya, rama ba dalili, ko yaro mai gudawa da idonsa ya faɗa ya kasa shan komai.

'Yar'uwa, cikin iyalinki amana ce a hannunki. Ki sa yara su wanke hannu da sabulu, su zauna, su yi bisimilla, su tauna da kyau. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a abin da muke ci, amin. Wassalamu alaikum.