Kafin a kira mota, a nemo ruwa: gudun kilomita 21 cikin zafi

Masu shirin shiga tseren rabin gudun fanfalaki, wato kilomita 21 da 'yan kai, tambaya ɗaya suka fi yi mini: "Likita, ruwa nawa zan sha?" Tambayar tana kan hanya, amma ba ita ta fi tsaya mini a rai ba. Ni likitan sashen gaggawa ne, kuma idan ana tseren kan titi nakan yi aiki a rumfar lafiya da ake kafawa kusa da wurin ƙarewa. Abin da na gani a wannan rumfa shi ne, mutumin da zafi ya kayar, ba ƙishirwa ce kaɗai ta kayar da shi ba. Jikinsa ne ya tara zafin da ya kasa fitarwa. Kuma abin da waɗanda suka taru a kansa suka yi cikin rabin sa'ar farko, sau da yawa shi ke sa ya koma gida da ƙafarsa ko a kai shi a kwance.

Yawancin mutane sun ɗauka daga rana zafin yake saukowa. Rana tana ƙara nata, amma mafi yawansa jikin mai gudu ne ke haifarwa. Idan tsoka tana aiki, kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na ƙarfin da take ƙonawa zafi yake komawa, ɗan abin da ya rage ne ke tura ƙafa gaba. Gwargwadon saurin mutum, gwargwadon zafin da yake tarawa. Babbar hanyar fitar da shi kuwa ita ce zufa, kuma zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata. Wadda ta ɗiga ƙasa ko ta jiƙa riga sharkaf asara ce kawai. Duk wanda ya taso gidan da ake ajiye randa ya san wannan: ruwanta ya fi sanyi lokacin da iska ke bushe, domin danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana tashi nan take, da damina ta sauka iska ta yi laima, sai sanyin ya ragu. Haka fatar mutum take.

A lokaci guda zuciya tana raba jini gida biyu. Tsoka tana neman nata don a ci gaba da gudu, fata tana neman nata don a kai zafi waje, ga kuma zufa tana rage ruwan jiki, lita ɗaya zuwa biyu a sa'a ga mutane da yawa. Idan mai gudu ya ƙi sassautawa, zafin cikin jiki sai ya yi ta hawa. Da ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa, to an shiga matakin da ke lalata hanta da ƙoda, ya hana jini daskarewa yadda ya kamata.

Ana raina kilomita 21 saboda an ce rabi ne. Amma fa gajartar ce ke ba mutum damar yin sauri daga farko har ƙarshe, saurin kuma shi ne tushen matsalar. A tseren Great North Run na Ingila, wanda shi ma rabin fanfalaki ne, mutum huɗu suka rasu a shekarar 2005, a ranar da ta yi ɗumi fiye da yadda aka saba, ɗumin da a Kano ko Sakkwato ba za a kira shi zafi ba. Waɗanda ake kawo mana rumfa ba tsofaffi ko raunana ba ne galibi. Samari ne majiya ƙarfi, masu zuciya, waɗanda suka hango wurin ƙarewa, suka ji ihun jama'a, suka zuba sauran ƙarfinsu a kilomita biyun ƙarshe alhali jiki ya riga ya cika da zafi.

Akwai maganar da nake ji kullum: "Haba likita, mu da aka haifa cikin rana?" Gaskiya ne mun saba da bazarar da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Sai dai zama cikin zafi daban, gudu cikin zafi daban. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 na atisaye a cikin irin yanayin da za a yi tseren, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kafin ya koyi fara zufa da wuri, ya ƙara yawan ruwan jini, ya rage gishirin da yake zubarwa. Wanda ya yi atisayensa da sanyin asubar hunturu a Jos ko Zariya, sannan ya sauka Legas a watan Fabrairu don babban tseren da ake yi can tun 2016, bai san laimar bakin teku ba. Digiri 30 na Legas ya fi wahalar da mai gudu fiye da digirin da ya ɗara haka a busasshiyar iskar arewa. Ko ƙwararru ba su tsira ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, sai wajen tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata don a kauce wa rana, amma saboda laima, cikin 68 da suka tashi 28 ba su ƙarasa ba. Bayan wannan ne aka ɗauke gudun fanfalaki na gasar Olamfik daga Tokyo aka mayar da shi Sapporo, can arewacin Japan.

Wasu mutanen, da za su tambaye ni da safiyar tsere, cewa zan yi su haƙura su koma 'yan kallo. Wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro ko mura mai zafin jiki cikin makon, ko da ya ji ya warware. Wanda ya kwana yana zawo ko amai. Wanda ya sha maganin kashe ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac wai don kada ƙafa ta dame shi. Waɗannan magunguna suna takura ƙoda a daidai lokacin da take cikin ƙunci. Tiramadol da lemon ƙara kuzari kuwa toshe kunnen mutum suke yi daga jin kukan jikinsa. Mai azumi ma, kilomita 21 cikin rana ba nasa ba ne. Ya mayar da atisayensa bayan buɗa-baki. Masu rukunin jini AS, waɗanda sun kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya, galibinsu suna gudu lafiya lau, amma ya kamata su san matsayinsu, kuma idan ƙafafu suka saki ko numfashi ya sarƙe, su tsaya nan take, kada su ce sai sun ga abin da ya ture wa Buzu naɗi.

Batun ruwa kuwa, a sha idan an ji ƙishi, a riƙa kurɓa a wuraren da aka tanada, a kwara saura a kai da wuya. Ɗura ruwa fiye da kima shi ma yana kisa, domin yana tsinka gishirin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura. A binciken da aka yi kan masu gudun fanfalakin Boston na 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma wata mai gudu ta rasu a wannan shekarar saboda haka. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya hau sikeli kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta fita. Idan nauyi ƙaruwa ya yi, ruwan ya yi yawa.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Ba kowace faɗuwa ce mai haɗari ba. Da yawa suna zubewa bayan sun tsallake layin ƙarewa saboda sun tsaya cak, jini ya taru a ƙafafu, jiri ya kwashe su. Irin wannan yana cikin hankalinsa, ya san sunansa, ya san inda yake. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, cikin 'yan mintuna zai dawo daidai. Wanda kuma ya faɗi ba numfashi ba bugun zuciya, wannan danna ƙirji yake bukata ba tare da jinkiri ba. Na uku shi ne wanda zafi ya buga, kuma alamarsa a hankalinsa take. Yana tangaɗi, yana sambatu, an tambaye shi garin da yake ya kasa faɗa, ko yaro mai ladabi ya koma zagi da kai duka, ko ya fara jijjiga. Kada a jira fatarsa ta bushe. Yawancin waɗanda nake gani jiƙe suke da zufa.

A nan ne jama'armu, saboda tsananin tausayi, suke ɓata lokaci. Wani ya ce iska ce ta buge shi a fara tofi, wani ya ce farfaɗiya ce a cusa masa cokali a baki, wani ya fasa ledar fiya-wata yana ɗura masa alhali ba ya iya haɗiya, ruwan ya wuce huhu. Wani ya ruga kemis ya sayo farasitamol, wanda ba ya sauke irin wannan zafi, sai ma ya ƙara wa hanta nauyi. Daga nan a cusa shi a-daidaita-sahu, a shiga cunkoson titin da aka rufe saboda tseren, jikinsa yana ci gaba da dahuwa a hanya. Addu'a ba ta hana komai. A yi ta hannu yana aiki. Amma aikin shi ne sanyayawa, a nan inda ya faɗi, kafin a motsa da shi.

A cire masa takalmi da kayan da suka yi yawa, a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har wuya, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya nutse, wasu suna motsa ruwan. Idan babu baho babba, a shimfiɗa tamfol, a kwantar da shi a kai, mutane su kama gefe su ɗaga, a zuba ruwa da ƙanƙara ana jijjigawa. Idan wannan ma babu, a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da aka samu bokiti bayan bokiti, ana fifita, ana canza jiƙaƙƙun tawul a wuya da hammata da matsematsi. Ƙanƙarar masu sayar da lemo da zoɓo da ke bakin titi ta isa ta ceci rai. Idan mace ce, 'yan'uwanta mata su kewaye ta da zannuwa, a sanyaya ta da kayanta marasa nauyi a jiki. Kunya kada ta jawo jinkiri. Mu a rumfa ta dubura muke auna zafi, domin na hammata da na goshi yaudara suke yi ga jikin da ya jiƙe, kuma muna tsame mutum idan ya sauko digiri 39. Inda babu ma'auni, a ci gaba kamar minti 15 ko har hankalinsa ya dawo, sannan a tafi asibiti. Wannan hanya an gwada ta. A tseren Falmouth na Amurka, mai tsawon kilomita 11 da ake yi a watan Agusta, an bi bayanan shekara 18 na mutum 274 da zafi ya buga aka tsoma su ruwan ƙanƙara a wurin, kuma babu ko ɗaya da ya mutu.

Masu shirya tsere su ma da hakki a wuyansu. Na sha tsayawa a filin tashi ina kallon rana tana ɗagawa, masu gudu sun jeru tun bayan sallar asuba, ana jiran babban baƙon da zai ɗaga tuta. Jinkirin sa'a ɗaya ke sa waɗanda ke baya, masu ɗaukar sa'a biyu da rabi zuwa uku, su ƙare cikin ranar hantsi mai zafi. A tashi da wayewar gari ko baƙo ya iso ko bai iso ba. A guji sa tsere tsakanin Maris da Mayu a arewa. A sayi ƙanƙara da bahuna kafin a sayi riguna da lambobin yabo, a koya wa 'yan agajin da ke kan hanya su tare duk mai tangaɗi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin wanda zafi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya iya yi wa kansa hukunci.

Wanda aka sanyaya ya farfaɗo, dole ne ya je asibiti a gwada jininsa, saboda illar hanta da ƙoda takan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma kada ya koma atisaye sai likita ya sallame shi, aƙalla bayan mako guda. Wanda ya gama tserensa lafiya ma ya kula da fitsarinsa a ranar da washegari. Idan ya fito ja ko baƙi-baƙi, ko ya ɗauke gaba ɗaya, ga ciwon tsoka mai tsanani, alama ce tsoka ta narke tana toshe ƙoda. Ya tafi sashen gaggawa a daren, ya kuma gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa gudun kilomita 21 ya yi.