Ga Sabon Mushe Mai Raba Dare da Alƙalami

Ɗana, na ji an tura ka wani ƙauye arewa da Mayahi, an damƙa maka ajin ƴan shekarar farko, kuma mahaifiyarka ta ce har yanzu kana raba dare kana cika kaye da labaran da ka ƙaga. Duka biyun sun yi mini daɗi, domin na riƙe alli shekara talatin da ɗoriya tsakanin Tasawa da ƙauyukan Gulbin Kaba, kuma ciwon rubutun nan ni ma ya taɓa kama ni, sai dai ban nemi maganinsa da wuri ba.

Bari in fara da abin da nake jin kunyarsa. A shekarata ta farko ina da sambol, wani ƙashin jaki da aka ɗaura wa igiya, ana rataya shi a wuyan duk yaron da Hausa ta suɓuce masa a lakwal. Haka aka yi mana, saboda haka na ɗauka haka ake yi. Wata rana da zafin bazara wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, ƙishirwa nake ji.” Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na rataya mata ƙashin. Daga ranar ban ƙara jin muryarta ba, bayan damina kuma ba ta dawo ba. Ban ce ƙashin ne ya kore ta ba, Allah ne masani, amma har yau in na ɗaga moɗa sai na tuna fuskarta.

Hukuma ta daɗe da gane abin da ni ban gane ba a lokacin. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigar masa da Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunanmu gurbi a aji, ta 2001 ta lissafa guda goma a matsayin harsunan ƙasa, ga shi a watan Maris na 2025 kundin da aka sa wa hannu a Yamai ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Na yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai na ga tsare-tsare da yawa sun zo sun wuce, a tara mu horo na ƴan kwanaki, mu koma mu tarar da rumfar zanarmu yadda muka bar ta, yara sun fi ƙarfin tabarma. Af, tunda na ambaci zana: ka san gobarar da ta ci yara fiye da 20 a ajujuwan zana a Maraɗi cikin Nuwamban 2021, don haka kullum da safe ka duba ƙofar rumfarka, kada ka bar wuta kusa.

Ga inda nake son ka tsaya ka yi tunani. Doka tana iya buɗe wa Hausa ƙofar aji, amma ba ta iya haifar littafi. Yaron da ka koya wa haɗa baƙi da wasali, in ya koma gida bai sami abin karantawa ba sai rubutun jikin buhun taki, karatun zai zube kamar ruwa a rariya. A can Zariya sun gane haka tun 1933, suka shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, daga baya ya rubuta Magana Jari Ce. Wani tsohon kwafinsa da na sayo a Katsina nake karanta wa ɗalibaina a gindin bedi bayan an tashi, kuma yaran da ba sa zama minti biyar a darasin nahawu sai ka ga har kiran la'asar ba wanda ya motsa.

Mu fa, ina namu? Maijirgi tana nan a kan hanyar Damagaram, inda hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka mutu a hannun sojojinsu a watan Yulin 1899, bayan ɓarnar da suka yi tun daga yamma. Abdoulaye Mamani ya ɗauki labarin Sarauniyar Lugu da ta yi musu turjiya ya rubuta shi da Faransanci a 1980, har Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Allah ya saka masa, amma jikokin waɗanda aka ƙone wa rumbu da wuya su sami wannan labarin a rubuce cikin harshen da kakanninsu suka yi kuka da shi. Ba ma sai tarihi ba: mai awon hatsi a kasuwar Tasawa, ɗan cirani da ya dawo daga Agadas hannu biyu, duk labari ne.

Saboda haka ka rubuta, amma da haƙuri. Kada ka ari bakin Kano don ka burge, ka sa mutanenka su yi magana yadda ake yi a bakin rijiya. Kada ka sa maƙwabcinka a labari yadda kowa zai gane shi, domin tawada ba ta goguwa kamar alli, kuma zumunci ya fi shafi tsada. In ka gama babi, ka karanta wa yaranka da baki, duk inda ka ga sun fara tsokanar juna to nan ne gyara yake. Kada kuma rubutun dare ya sa ka zo aji kana hamma, haƙƙin yaran nan yana wuyanka.

Ni nawa kaye uku ne, na ajiye su a ƙasan akwati ina jiran ranar da zan huta in gyara. Da na yi ritaya na buɗe, sai na tarar gara ta riga ni, bango kaɗai ta bar mini.

In an ba ku hutun Disamba ka zo da naka. Bayan la'asar ina ƙofar gida, idona ya yi rauni, kai za ka karanta ni in saurara. Ka gaida mutanen gidan.