Silsilar Alƙalami

Ya 'yan'uwa, wa zai riƙe wuridi bai san muƙaddamin da ya ba shi izini ba? To, karatun boko ma yana da silsila. 'Ya'yanmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji suna Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. In lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo, wani sai ya kwaso gumin wani daga intanet, ya ɗora sunansa. Ha'inci ne, kuma albashin da takardar za ta jawo bai kuɓuta daga shubuha ba. Malam Abdullahin Gwandu, Allah Ya ƙara masa yarda, littafi guda ya wallafa, Ida'un Nusukh, don ambaton malaman da ya yi karatu wurinsu. In ɗanka ya zo hutu, buɗe kundinsa ka tambaye shi: wannan magana, daga wa ka karɓo ta?